Ƙafafun Keken da Na Ba Yayan Matata

Shekarar da likita ya ce sai an yi wa gwiwata aiki, abu ɗaya na roƙe shi: ya bari sai bayan kaka. Akwai tseren keke da ake yi a wata gonar dawaki a Summerfield, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, wanda suke kira saikulokuros. Fili ake zagayawa cikin laka da ciyawa, in an zo shinge a sauka a saɓa keken a kafaɗa a tsallake. Wanda na gaba suka zagayo suka cim masa, alƙali ya ɗaga masa hannu, ya fita. Ni duk shekara sai an ɗaga mini hannun nan. Ba kofi nake nema ba, ina ni ina kofi da furfura. So nake sau ɗaya in kai ƙarshe, don likita ya gaya mini ɓaro-ɓaro cewa bayan aikin babu ni babu tsalle.

Keken lafiyarsa lau, ƙafafunsa ne suka tsufa. Ga nauyi, ga tub a ciki. In ka rage iska don taya ta kama laka sai ta yi faci, in ka cika ta kuma ka yi ta santsi kamar akuya a kan jiƙaƙƙen siminti. Jar ƙasar garin nan ba ta da mutunci ko kaɗan.

Na yi ta sintiri wani shagon keke a cikin gari, har mai shagon ya daina tasowa in na shigo. Ya nuna mini iri biyu. Akwai wadda ake manna mata taya da gam, ba nauyi, amma in ta huje tsere ya ƙare. Akwai kuma marar tub, wadda ake ɗura wa wani farin ruwa mai kama da madara, ya toshe huji da kansa. Ya duba tumbina ya ce in manta da masu shegen rashin nauyin nan, in ɗauki marasa tub ɗin, na alminiyam masu faɗin baki. Na ji haushi, amma na ɗauka. Sai da aka yi odarsu daga nesa, ya ɗaure wayoyinsu da hannunsa. Ranar da na gwada su cikin ruwan sama na sha kwana ban sa ƙafa a ƙasa ba. Na yi dariya ni kaɗai a fili kamar wanda aka yi wa bushara.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi tseren, Alhaji ya zo, yayan matata, mutumin Maraɗi, shi ne uba a gare ta a ƙasar nan. Ya same ni a gareji na ciro ƙafafun ina gogewa. Ya ɗauki ta gaba ya juya ta, ya ɗaga ta ya ji rashin nauyinta.

"Kai, Malam, waɗannan ƙafafun belo sun yi kyau! Masha Allah."

A wurinmu in babba ya yaba abinka, kara kake yi masa. Ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya bar maka, ya ajiye. Kowa ya san haka, tun muna yara muke gani.

Na ce, "Ai naka ne, Alhaji."

"To, marsi, na gode. Allah ya yi albarka."

Ya ɗauki ta bayan ma, ya buɗe but ɗin motarsa ya zuba. Alhaji da ko keken motsa jiki bai taɓa hawa ba! Na tsaya da tsumma a hannu ina jira ya fashe da dariya ya sauke. Ya ja mota ya tafi. Wa zai bi suruki ya ce maido mini kyautata? Na gaya wa matata, ta ce, "Yaya ne fa, Baban yara. Me zan ce masa?" Ta ci gaba da yankan albasa. Mai shago kuma ya ce wasu ba za su iso kafin ranar ba.

Na je da tsofaffin. An kwana ana ruwa, filin ya zama kunu. Na faɗi a kwanar farko, na faɗi a gangare, sannan tayar baya ta yi faci. Ina tura keken alƙali ya ɗaga mini hannu, har da ɗan murmushin nan na tausayi. Na zauna a mota da laka har cikin kunne, baƙin ciki ya hana ni tayar da ita.

Bayan an yi mini aikin, 'yan unguwa suka zo dubiya, falo ya cika. Alhaji na tsakiya yana kurɓar shayi. Ya nuna ni da kofi ya ce, "Da ba don mun yi dabara ni da ƙanwata ba, da wannan ya karya mana wuya. Ita ta yi mini waya, ta ce Yaya, ka zo ka yaba su kawai, na san shi, ba zai iya hana ka ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce Allah ya saka wa Hajiya, mace ta gari ke nan. Tana bakin ƙofa da tire a hannu, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ita ce ta fi kowa sanin abin da tseren nan yake a wurina, ita ce ta san inda za a kama ni. Duk suka juyo suna jiran abin da zan ce, ni kuma ga ƙafa a miƙe cikin bandeji.

Na ce, "Na gode, Alhaji."

"Ba komai. Suna nan a bayan gidana, ka aiko a ɗauka. Yanzu ai ba abin da za su yi maka."

Ban aika ba. Ita ma har yau ba ta tambaye ni dalili ba.