Raɓa a Cikin Fitilar Mota

Ni direba ne. Daga garin Isa zuwa Sabon Birni, da tsohuwar mota da 'yan kasuwa da kayansu. Ban yi boko ba. Abin da na sani, rabi hanya ce ta koya mini, rabi kakata Tumba.

A ƙauyenmu, can wajen Tozai, in an gama cin tuwo sai ta hura karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Angona, matso nan. Ko goro ba ka taɓa kawo min ba, amma kai ka fi kowa buɗe kunne."

Sannan ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai tarbe ta?" Mu ce mu ne. Haka take buɗe tatsuniya.

Akwai wadda take yawan yi mana, ta wani manomi mai tsoron ɓeraye. Ya yanke gero, bai bari ya sha rana ba, ya zuba a rumbu, ya kwaɓa laka ya liƙe ko'ina. Ko kafar iska bai bari ba. Da bazara ya fasa rumbun, ya tarar geron ya yi baƙi ƙirin. Ɓeraye suka zo suka shinshina, suka yi masa jaje, suka wuce gidan maƙwabci.

"Mi ya ci geronai?" in ji Kaka.

Mu ce ɓeraye.

"Kun faɗi. Danshin da ya rufe ciki ne."

Daminar bara raɓa ta shiga fitilun motata. Gilashi ya yi hazo daga ciki, haske ya koma kamar na aci-balbal. Hanyarmu kuwa ba ta masu tafiya a hankali ba ce. Wata magariba, kusa da Kurawa, saura kaɗan in afka cikin garken shanu da mota cike da mutane. Labari ya bazu. Fasinja suka fara tsallake ni a tasha.

Na sayi gam na liƙe fitilun ta kowane gefe, har da wata 'yar kafa da na gani a bayansu. Raɓa ta zama ruwa yana gangara.

Na kai wa Ɗan Tanin bakanike. Ya leƙa, ya dube ni.

"Maigida, wa ya ce ka toshe mata hanci? Ta nan take numfashi."

Ya cire ƙwayayen, ya shanya fitilun a rana har suka bushe, ya liƙe tsagar da ruwa ke shiga kaɗai, ya buɗe kafar. Kwana biyu motata ta sake cika da fasinja.

Ina tsaye a garejin nan na gane tsohuwar ba maganar rumbu kawai take yi ba. Da gudu muka bar ƙauyenmu saboda 'yan bindiga, kabarinta na can. Shekaru ban yi wa kowa zancen ba, na zaci shiru shi ne magani. Ranar, da na koma gida, na ce wa matata ta ajiye kwanon ta zauna, za ni gaya mata wani abu.