Kwana Tara na Mai Hoto

In ka bi ta layin masu sayen tsohon ƙarfe da hantsi, za ka ga wani tsoho a bakin babbar ƙofa, zaune kan kujerar da aka ciro daga matacciyar mota, da wata 'yar na'ura rawaya a cinyarsa. Duk motar da ta kawo kaya sai ya miƙe, ya zagaya ta a hankali yana kara na'urar a jikin ƙarafan, ya kasa kunne. Direbobi na tsokanarsa wai likitan bola. Ko kallo ba su ishe shi ba. Mai Hoto ake ce masa, ko da yake tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗaukar hoton mutum ba.

Hoton walda yake ɗauka lokacin da yake da ƙarfinsa. In an haɗa manyan bututun mai, ido ba ya iya ganin ko cikin waldar ya kama, sai a kira su. Su naɗa fim a jikin bututun, su ja igiya su kore kowa, sannan daga nesa su murɗa wata doguwar waya, wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ta shinkafa ba ta fito daga akwatinta ta haska ƙarfen. Hasken nan ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma yana ratsa ƙarfe mai kauri, ina ga naman mutum. Wanda ya sa ƙwayar a aljihu ya wuni da ita, sai dai wani ba shi ba. Shi ya sa aka yi akwatin da ƙarfe mai nauyi da ke tare hasken, duk da bai fi jakar hannu girma ba, sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi.

Dokar aikin ba ta da wuyar riƙewa. Daga wurin aiki akwati sai ramin ajiya na kamfani, ba a tsayawa ko shan ruwa, kuma ba a barin sa shi kaɗai a mota. Makullinsa na rataye a wuyan Mai Hoto, a cikin riga. Shekara ashirin da uku bai taka dokar nan ba ko sau ɗaya, har abokan aiki suna jin haushinsa, don in kana mota ɗaya da shi fitsari ma sai ka riƙe.

Matarsa ɗinki take yi, shi ya sa yake ce mata Tela. Mace ce mai baki, ba ta barin magana ta kwana a cikinta.

"Shekara nawa ina auren mai hoto," in ji ta, "amma ko na rataya a bango ɗaya ba mu da shi. Bututu ya fi ni gata a gidan nan."

"Za mu je, Tela. Bari a gama wannan layin."

Layin bututu kuwa ba ya ƙarewa. Ana gama wannan za a ja wani, ya yi wata biyu a daji, ya dawo ya yi sati, ya koma. Har yadi iri ɗaya ta saya ta ɗinka musu kaya don ranar hoton, ta ninke ta sa a ƙasan durowa. 'Yarsu ɗaya tilo, wadda yake kira Uwata, ta girma, ta yi aure, kayan na nan a ninke.

Tari ne ya fara kama Tela, aka ce ƙurar yadi ce. Da ta fara ramewa aka kai ta asibiti, likita ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya: abin ya ci ƙarfin magani, kwanaki ne suka rage. A ranar ya nemi hutu, aka ba shi daga Juma'a. Niyyarsa ke nan, ya ja kujera kusa da gadonta ya zauna, ya biya ta zaman da bai yi ba.

Ranar Alhamis aiki ya ja su har bayan la'asar. Abokin aikinsa aka riƙe shi a can don sa hannu a takardu, aka ce Mai Hoto ya wuce da akwati, ai shi an yarda da shi. Hanyar ramin ajiya kuwa ta gaban asibitin ta bi, kuma ƙarfe shida ake rufe ƙofa ga masu dubiya. Ya duba agogo, biyar da rabi, saura rabin awa. Ya san maigadi ba zai bar mota mai alamar haɗari ta shiga ba, don haka ya tsaya a waje, ya cire allunan gargaɗin daga jikin motar don kada jama'a su firgita, ya ja tamfol ya rufe akwatin da sarƙarsa. Ya ce wa kansa minti goma kawai.

Tela na ganinsa da kayan aiki ta ce, "Ka kai kayan mutane?"

"Suna waje."

Ta daɗe tana kallonsa. "Kai ne kuwa, Malam?" Sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ashe zan ga ranar da na fi bututu."

Minti goma ya zama ashirin da biyar, don ta riƙe hannunsa ya kasa zarewa. Da ya fito ya tarar da tamfol a ƙasa, sarƙa a guntule, babu akwati.

Bai yi ɓoye-ɓoye ba, a tsaye ya kai kansa. Kwana biyu ana yi masa tambayoyi, kamfani, 'yan sanda, jami'an da ke sa ido kan irin waɗannan kaya. Aka yi ta sanarwa a rediyo. Aka dakatar da shi. Shi duk wannan bai dame shi ba kamar makullin da ke wuyansa. Tunda makulli na nan, duk wanda zai buɗe akwatin da guduma zai buɗe shi, ko da wutar yankan ƙarfe. Kuma ya san ɓarawo nauyi ya gani, masu tsohon ƙarfe zai kai wa.

Rana ta uku ya je asibiti, ya ja kujera ya zauna, ya ce daga yau yana nan, jami'ai su nema, aikinsu ne.

"Wanda ya ɗauka yana da 'ya'ya?" Tela ta tambaya.

"Ina zan sani?"

"To ka tashi. Shi ɓarawo ne, amma 'ya'yansa ba su saci komai ba. Kuma ni na riƙe ka, ba zan tafi da wannan a wuyana ba. Jeka, ina nan. Ina za ni?"

Ya roƙi aron na'urar awo, ya shiga bin wuraren tsohon ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, tun daga fitowar rana. Na'urar sai an matso kusa take jin akwatin, don haka kowane tsibi sai ya zagaya shi da ƙafa. Wasu su kore shi, wasu su ɗauke shi mahaukaci. Ƙafarsa na can, ransa na kan gadon asibiti. Wata rana ya iso saura minti goma a rufe ƙofa, wata rana ya tarar an rufe, sai Uwata ta fito ta gaya masa yadda aka wuni. Kullum Tela tambaya ɗaya take yi, ko an samu.

Rana ta tara, da azahar, na'urar ta fara kuka a bakin wata rumfa. Ga akwatin nan, wani ma'aikaci ya mai da shi kujera yana cin abinci a kai. Ba a buɗe ba. Gas ɗin yankan ƙarfe ne ya ƙare musu tun shekaranjiya, an tafi sayowa. Mai wurin ya ce ai ya ga alamar haɗarin nan mai fikafikai uku, ya zaci injin fanka ne.

Mai Hoto ya kore su baya, ya ja igiya, ya aika a kira jami'ai, ya tsaya. Mai wurin na ta masifa wai kayansa ne, saya ya yi, wasu biyu na riƙe da guduma suna cewa lallai zinariya ce a ciki tunda ake wannan rawar jiki. Ana cikin haka mijin Uwata ya iso a babur, ya sha yawo kafin ya gano shi.

"Baba, ka hau mu tafi. Jikin ya rikice."

Ya dubi babur ɗin, ya dubi masu guduma. Allah ya sani, ƙafarsa har ta ɗaga. Amma ya san yana juya baya za a tsallake igiyar nan.

"Ka je ka gaya mata an samu, ba a buɗe ba. Ka ce ina tafe."

Awa biyu jami'ai suka yi kafin su iso. Da ya shiga ɗakin asibitin har an cire zanin gadon.

Uwata ce ta gaya masa daga baya cewa saƙon ya riski Tela da rai. Wai ta yi murmushi ta ce, "Na san shi, ba zai taso ba. Ku ƙyale shi, daidai ya yi."

Kamfani ya sallame shi. Mai wurin tsohon ƙarfen, da aka yi masa bayanin abin da ya kusa faruwa da shi da yaransa, shi ya nemo shi ya ba shi kujerar bakin ƙofa, ya sayo masa na'ura. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta taɓa yin kuka ba, shi kuma bai fasa zagaya kowace mota ba.

In Uwata ta tambaye shi ko yana nadama, ya ce a'a. Bai yi nadamar shiga asibitin ba, bai yi nadamar tsayawa a bakin igiya ba. Kewarta kawai yake, kewa mai tsanani, wadda ba ta ragu ba ko kaɗan.

A ƙarƙashin kujerarsa akwai wata babbar ambulan ta takarda, da asibiti ya ba su tare da sauran kayan Tela. Hoton ƙirjinta ne a ciki. In rana ta take, motoci suka yi sauƙi, sai ya zaro shi ya ɗaga wa haske da hannu biyu, yadda ya saba duba fim ɗin walda. Idonsa ya san aikin, yana ganin inda ciwon ya ci. Ba can yake kallo ba. Kafaɗarta yake bi, wadda ta ɗan karkace saboda keken ɗinki, da inuwar zuciyarta a tsakiya. Shi ke nan hotonta da yake da shi, kuma wani ne ya ɗauka.