Sammacin da Ya Zo da Sunana

A takarda, ni ce attajirar gidanmu. Mitar wuta da sunana take, ta ruwa ma haka, rumfar goron Baba da ke kasuwar Adjamé da sunana, har da tsohuwar motarsa. A zahiri kuwa sakatariya ce ni a wani ƙaramin ofis a Treichville. Kullum woro-woro nake shiga, tasin nan da ake haɗa fasinja huɗu ko biyar, kuma ko kunna mota ban iya ba.

Baba ne ya jawo. Daga Najeriya ya zo tun yana saurayi, ya tsufa a Abidjan, amma Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Ni kuwa nan aka haife ni, nan na yi karatu. Duk takardar da ta shigo gida sai ya miƙo mini ita da yatsu biyu kamar za ta cije shi, ya ce, "Uwata, duba mana." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Da ya gaji da zaryar ofisoshi yana neman tafinta, sai ya yanke cewa komai a sa sunana. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai sa na Yaya ba, tunda shi ne babba kuma namiji. Ya ce mutumin da ya yar da katin shaidarsa sau uku ba a ba shi ajiyar takarda.

Yaya makanike ne, garejinsa na Arras. Magidanci ne da mata da 'ya'ya biyu, amma in ya ji ƙarar inji sai hankalinsa ya bar jikinsa. Ga barkwanci. "Madam Direktiris" yake ce mini, in na shigo ya miƙe ya sara mini da sifana a hannu. Shi ya karɓi motar Baba da sunan zai gyara mata birki. Ta shafe wata biyu a gareji, ta fito tana gurnani, har Inna ta ce ita kam ba za ta ƙara shiga ba.

Kowa a gidan ya san abin da yake yi da ita ranar Lahadi. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, hanya ba kowa, sai su haɗu da abokansa kusa da tashar Bassam su yi tsere, mota biyu biyu, a miƙaƙƙen titin nan. Abin da ake ci bai wuce farantin garba ba, wato acheke na rogo da soyayyen kifi, sai kurin baki na mako guda. Yakan zo gida da rana ya ba mu labari yana kwaikwayon kukan inji da baki, mu yi ta dariya. Ni ce ma mai fi kowa dariya, ba zan ɓoye ba.

Wata Lahadi bai zo ba. Sai yamma muka ji cewa an kaɗe wani mai amalanke a titin, ya rasu nan take. Ba motar Yaya ce ta buge shi ba, ta abokin tserensa ce, kuma an kama wancan a wurin. Yaya ya wuce, ya kai motar gareji ya lulluɓe ta da tamfol. Bai san wani mai shayi ya ɗauki tseren da waya ba, lambar motar ta fito ɓaro-ɓaro.

Ranar Laraba sammaci ya same ni a ofis, da sunana cikakke.

Ɗan sandan da na tarar dattijo ne mai furfura, tabarau a kan hanci. Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya dubi hoton motar, ya ce, "Madam, ashe ke ce direbar tsere."

Na ce masa ko lasin ba ni da shi.

"To ai abin ya ƙara lalacewa," in ji shi. Ya ɗan murmusa, sannan ya gyara fuska. "Na san ba ke ba ce. Amma mota ba ta tuƙa kanta, kuma sunanki ne a kart giriz, takardar mallakar motar. Ki kawo mini wanda ya tuƙa zuwa Litinin. In ba ki kawo ba, da ke zan tura takardun wurin mai gabatar da ƙara."

Na fito a tsorace, kafin in kai gida Adjamé tsoron ya koma fushi. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na tarar da Yaya a tsakar gida yana juya cokali a kofin shayin da ya huce, na zazzage masa kwandon magana har maƙwabta suka leƙo. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Ban taɓa shi ba fa. Je te jure, na rantse, ko fentin motar bai goge ba. Wanda ya buge shi yana hannu, ni me nawa?"

Baba ya ɗaga hannu, muka yi shiru. Ya ce wannan ba maganar takarda ba ce, maganar mutane ce, a bar masa. A karon farko ya ga matsalar da ya fi ni sanin hanyarta, har wani ƙarfi ya zo masa. Ya bincika ya gano mamacin mutumin Burkina ne, Musulmi, a nan Adjamé yake zaune da ƙaninsa, kuma ya sha yi wa 'yan goro dako. Ranar Alhamis Baba ya sa babbar riga, ya ɗauki liman da dattawa uku, da huhun goro mafi kyau a rumfarsa da buhun shinkafa, ya tasa Yaya a gaba suka tafi ta'aziyya.

Sun dawo Baba fuskarsa a sake. Ya ce mutanen kirki ne. Ƙanin mamacin ya yi kuka, ya ce kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira, aka yi fatiha aka tashi. Baba ya ce wa Inna ta yanka kaza. Ni kuma ya ce in rubuta wa komise, wato dattijon ɗan sandan nan, wasiƙa da Faransanci mai kyau, in sanar da shi an gama magana, a kuma yi masa godiya bisa wahalar da ya sha. Na ga Yaya bai ci kazar ba, na ɗauka kunya ce.

Na rubuta, don ni ma na so in yarda. Na kai ranar Juma'a. Dattijon ya karanta har ƙarshe, ya yaba rubutun, ya ninke ta ya miƙo mini.

"Yako, Madam," ya ce, wato sannu. "Danginsa sun yafe nasu, Allah ya ba su lada. Na hukuma yana nan. Rai ya salwanta a titin kowa da kowa, ba su da ikon janye wannan." Na ce masa to ai motarmu ba ta taɓa mutumin ba. Ya ce, "Kin taɓa ganin mutum ya yi tsere shi kaɗai? Da babu motarku a gefensa, wancan me zai kora? Alƙali ne zai auna rabon kowa, amma su biyun zai gani a gabansa."

Da na fassara wa Baba, ya daɗe yana kallona. "Hukuma 'yar'uwarsa ce?" ya ce. "Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya ce ya yafe, sai wani mai tabarau ya ce bai yafe ba?" Inna ta rufe baki da mayafi don kada a ga dariyarta. Na yi bayani sau uku, Baba yana girgiza kai yana cewa shekara arba'in bai gama gane ƙasar nan ba.

Sai ya rage murya. "Uwata, ke mace ce, kowa ya san ba ki iya tuƙi ba. In kika ce ba ki san wanda ya ɗauka ba, me za su yi miki? Shi yana da iyali."

Wannan maganar ta yi mini ciwo, har yau in na tuna ina jin ta. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce na ɗauki wuta, na ɗauki ruwa, na ɗauki rumfa, amma ba zan ɗauki ran mutum ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Gaskiyar magana kuwa, ban san abin da zan yi ranar Litinin ba. In na faɗi sunansa, ni ce na kai yayana kurkuku. In na yi shiru, ni za a tura.

Litinin da safe ina ɗaura ɗankwali aka ƙwanƙwasa. Yaya ne, cikin farar shaddarsa ta Juma'a, ya yi aski, ya sa turare kamar mai zuwa neman aure.

"Madam Direktiris, mu je kada mu makara," ya ce.

Muka shiga woro-woro, shi a gaba, ni a baya tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani ɗan makaranta. Muna hawa gada wata tasi ta zo za ta wuce mu, direbanmu ya ce bai san zancen ba, ya take mota. Sai na ga Yaya ya dafe gaban motar da hannu biyu, ya ce, "Vieux père, molo molo, don Allah a hankali." Direban ya kalle shi sheƙeƙe ya ce, "Kai gawu ne, ɗan ƙauye? Baƙo ne a Abidjan? Ƙato da kai kana tsoron mota." Sarkin tseren tashar Bassam ne ake kira baƙauye. Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har da hawaye, mai tumatir tana tambayata ko lafiya. Yaya ma ya yi dariya, amma bai saki gaban motar ba sai da direban ya sassauta.

A ƙofar ofishin 'yan sanda ya tsaya, ya gyara hula. Bai dube ni ba.

"Na ga mutumin," ya ce. "Ni na fara ganinsa. Ina gefen hagu, abokina na dama, amalanken na gabansa. Da na taka birki na ba shi hanya, da ya sami inda zai kauce. Na ga in na taka ya ci ni. Ban taka ba."

Na ce masa wannan ba ya cikin hoton, ba wanda ya sani, in ya faɗa za su ƙara masa.

"Na sani," ya ce. "Ran da muka je ta'aziyya, ƙaninsa ya riƙe hannuna yana ce mini in kwantar da hankalina, ba ni da laifi. Tun ranar abinci bai wuce mini ba."

Ya faɗa kuwa, ina zaune a gefe, kamar yadda ya faɗa mini, bai rage komai ba. Dattijon ya rubuta, ya karanta masa, ya sa hannu. Daga baya kotu ta ba shi 'yan watanni ta karɓe lasinsa, abokin nasa ya fi shi daɗewa. Amma a ranar ba mu san ko nawa ba ne.

Ɗan sandan ya ce mini, "Madam, ke kin fita, kina iya tafiya." Ban tafi ba. Na zauna har aka karɓi agogonsa da hularsa da makullan gareji, aka zuba a leda aka miƙo mini. Na tsaya a bakin titi da ledar a hannu, woro-woro uku suka wuce ban tare ko ɗaya ba, ina tunanin yadda zan fara yi wa matarsa bayani.