Fuskar Baba a Ruwan Magani

Kawuna yana da shagon hoto a Ƙanƙara, kuma a ɗan ɗakin da ke bayan shagon na koyi wankin hoto bayan na gama sakandare. Ɗakin ba taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, sai jan ƙwan lantarki guda da warin magani mai hawa kai. Ka sa fim a inji, haske ya ratsa shi ya sauka kan farar takarda, ka tsoma takardar a faranti kana girgizawa, sai mutum ya fara fitowa a hankali. Har na bar sana'ar abin bai daina ba ni mamaki ba.

Babbar dabarar Kawu ita ce tare haske. Mutanenmu ba mai son ya fito baƙi a hoto, ko da kuwa ya fi gindin tukunya. To yayin da hasken ke sauka, sai ka sa yatsu daidai wurin fuska kana kaɗawa, fuskar ta fito tas. Duk mai shagon da bai iya wannan ba, zai wuni yana korar ƙuda.

Mahaifina manomi ne a Tafoki, bai taɓa zama gaban kyamara ba, yana cewa aikin marasa gona ne. Wata ranar kasuwa ya kawo dawa, ya biyo ya ga abin da nake koya, Kawu ya lallashe shi har ya zauna. Ya dafa gwiwoyi ya haɗe rai, kai ka ce allura za a yi masa.

Ni aka ba wankin. Na farko na yi shi ba dabara, don gwaji. Sai ga Baba yana tasowa daga cikin ruwan: baƙinsa na rana, tsagar gado a kumatu, tabon da kaifin fartanya ya bar masa a gira. Na tsaya ina kallo.

Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, ka ƙone surukina. Haka za ka kai mashi? Sake, shi hito hwari."

Ya yaga takardar ya jefa a bokiti. Ni ma a lokacin gani nake gaskiyarsa. Na sake, na kaɗa yatsu da iyakar gwanintata, tsaga da tabo suka dushe, fuska ta yi sumul.

Da na kai masa gida, Baba ya juya hoton ya sake juyawa, ya ce, "Wanga Balaraben daga ina? Shi kam bai san noma ba." Ya yi dariya har da tari, ya ba Inna ta rataye a ɗaki. Bai ƙara zama an ɗauke shi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarsa na koma Ƙanƙara neman fim ɗin, in wanke na gaskiya. Na tarar wayoyi sun kashe sana'ar, Kawu ya mai da shagon wurin cajin waya. Kwalayen fim kuwa rufi ya yi musu yoyo damina biyu, sun manne sun zama dunƙule ɗaya.

Hoton yana falona yanzu. 'Ya'yana suna nuna wa baƙi kakansu, ina cewa ba haka yake ba, baƙi ne, yana da tsaga. Rannan ƙaramar ta tambaye ni a wace gira tabon yake. Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ban tabbata ba. Na rufe ido in tuno shi, fuskar da na gyara da yatsuna ce ta zo mini. Wannan abu yana ci mini rai, kuma Inna da zan tambaya ita ma ta riga mu gidan gaskiya.