Malam Gershon da Dariyar Matarsa

Duk wadda ta yi aure a cocinmu a Kafanchan ta san Malam Gershon, ta kuma san ba a gaggawa da shi. In ya ɗauki hoton aurenki, ki sa ran ganinsa wajen sunan ɗan fari. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, amma nawa hoton sai da 'yata ta fara rarrafe ya iso.

Malamin lissafi ne a sakandare har ya yi ritaya. Kyamararsa ta farko wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Uzochukwu, ya bar masa da zai koma garinsu. Daga nan cutar ta kama shi. Duk inda ya ji labarin tsohuwar kyamara mai fim, ko Jos ne ko Kagarko, sai ya hau mota. Ya jere su a kabad ɗin falo, wanda matarsa Jacinta ta saya don farantanta: na Japan, na Rasha, da wata ta Jamus da ba ya barin kowa ya taɓa. Farantan suka koma kwali a ƙarƙashin gado.

Iri ɗaya yake tarawa, masu 'yar taga a sama, can gefe. In ka leƙa sai ka ga mutum ya rabu biyu, ka yi ta murza gilashin gaba har biyun su haɗe, sannan ka danna. Ba wanda ya tsira daga wannan darasi, har fasto. Kullum kuma da gargaɗi yake rufewa: tagar daban, gilashin daban, saboda haka ko murfi na kan gilashi za ka ga komai tas, ka danna, ka koma gida da fim babu komai. "Waɗanda suka saba ɗauka da waya ne kawai za su yi wannan sakarci," in ji shi. Waya kam ya tsane ta. Ya ce hotonta kamar shinkafar biki ne, yawa ba daɗi.

Fim daga Legas ake aiko masa, can kuma ake wankewa, shi ya sa yake maƙo da shi. Sai ya yi watanni bai cinye guda ɗaya ba. Ya ɗauki ruwan Matsirga, ya ɗauki dutsen Kagoro da safe da yamma, ya ɗauki taragun da suka yi tsatsa a tasha da mata masu shanya citta. Matarsa ce kawai bai ɗauka ba.

Ba rashin so ba ne, wannan ni shaida ce. Mama Jacinta mace ce mai dariya, in ta fara har ta katanga nakan taya ta ban san dalili ba. Amma da an ɗaga kyamara sai ta ɗaure fuska kamar za a yi mata allura. Shi kuma ya rantse ba zai ɓata fim a kan fuskar da ba tata ba.

"Maman Mildred, dariyarki nake jira."

"To ka yi ta jira, Malam. Tuwonka dai yana hucewa."

Haka suka tsufa. Abin ya kan ba ni haushi, mutum da kyamara cike da kabad, a ce hoton matarsa sai na katin zaɓe.

Ranar bikin godiya na bara, wanda muke kira harvest, aka fito daga coci, tana sanye da zanen Zumuntar Mata, da doya a hannu. Ya ɗaga ta Jamus ɗin, ya tsuguna, yana murze-murzensa. Ta dube shi, sai kawai ta tuntsire da dariya har doyar ta kusa faɗuwa. Ya danna. Unguwa ba ta huta ba. A kasuwa, a bakin coci, har mai keken da ya ɗauko shi sai da ya ji cewa Gershon ya kama dariyar matarsa, kuma waya ba za ta iya ba. Ita dai in ya fara sai ta kawar da kai tana murmushi. Fim ɗin bai ƙare ba, don haka ya ci gaba da zama cikin kyamara.

Da damina ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba ta rasu.

'Yarsu Mildred ta zo daga Abuja, ta ce ana buƙatar hoto don takardar jana'iza da rigunan da dangi za su sa. Ya ce akwai, wanda ya fi kowanne. Karo na farko a rayuwarsa ya naɗe fim bai cinye ba, ya aika Legas, aka ɗaga komai ana jira. Da ya dawo, ƙofar coci ta fito, awakin godiya sun fito, fasto ya fito. Inda Mama ya kamata ta kasance, fim ɗin wayam. Ya ɗaga shi ga hasken taga ya daɗe yana kallo. Ya ce 'yan Legas ne suka ɓata masa.

Muna zaune a falon sai ga Augustina, mai shagon yadi a kasuwa, aminiyar marigayiya, ta zo gaisuwa. Da ta ji abin da ake ciki ta zaro wayarta, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta:

"Baba Tisha, sannu da haƙuri. Ka duba wannan, na snap shi ranar harvest. Mama ya yi dariya sosai."

Da farko ya ƙi karɓa. Mildred ta ce, "Baba, ku duba mana," sannan ya sa tabarau.

Ga Mama Jacinta nan da doyarta, baki buɗe, ido ya kusa rufewa, sak yadda muka san ta. A gefen hoton kuma ga Malam Gershon a tsugune, ya manna ido a 'yar tagarsa, fuskar nan a murtuke irin ta gwanaye, baƙin murfi zaune daram a kan gilashi. Idon Mama kuwa a kan murfin yake.

Ni na rasa inda zan sa idona, don dariya da kuka suka taso mini tare. Wato duk watannin da yake cika baki ta sani, ta bar shi da farin cikinsa.

"Ta gani," ya ce a hankali. "Ta gani ba ta faɗa mini ba."

Mildred ta karɓi wayar. "Ba komai, Baba. Mai buga takarda zai yanke gefenku, a bar Mama ita kaɗai. Ba wanda zai sani."

Ya dubi kabad ɗinsa, ya sake duban hoton. Ya san duk mutanen da ya yi wa darasin murfi za su zo jana'izar, kowa da takarda a hannu, wasu ma da hoton a ƙirjin riga.

"Kar a yanke," ya ce. "In an cire ni, wa take yi wa dariya?"