Haramin da Sabi'u ya cire a bakin tashar Jidda

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanina Sabi'u, sojan ruwa, kuma har yau in na bi hanyar tashar jiragen ruwa ta Jidda da motar dakon kayana, ba na son duban wajen teku. Mutuwarsa na daɗe da miƙa wa Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsayawar da jirgin yaƙinsu ya yi a garin nan, shekara biyu kafin ya rasu.

Sabi'u a can gida ƙasarmu ya tashi, hannun kawunmu. Ni da Inna, mahaifiyarmu, muka taho nan muka zauna a unguwar Karantina. Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, in ta fita ƙasar ba dawowa, shi kuma aikin soja bai ba shi sararin zuwa ba. Rabon da su ga juna tun bai fara gemu ba. Da ya bugo waya ya ce jirginsu zai tsaya Jidda shan mai, kuma kwamandan jirgin ya yi alkawarin barin su su je Umra, ranar babu gidan da Inna ba ta shiga ba a layinmu.

Wanda ya shigo ta teku da niyyar Umra, tun yana kan ruwa yake ɗaura harami, in jirgi ya zo daidai miƙati. Haka Sabi'u da 'yan uwansa ƙananan sojoji suka yi, da izinin kwamandan. Suka yi wanka, suka ɗaura farin mayafi, suka shigo tasha suna talbiyya.

Da jirgi ya tsaya, wani babban baƙo ya hau gaisuwa, ya ga tsatsa a jikin ƙarfe, ya yi maganar cikin raha. Kwamanda ya ji kunya, shi kuwa mutum ne da in ya ji kunya sai wani ya yi kuka. Nan take ya soke fitar ƙananan sojoji kaf, ya ce kowa ya sa kaki ya ɗauki fenti. Limamin jirgin ya je ya roƙe shi, ya ce mutanen nan suna cikin harami, ba a tuɓe shi haka kawai. Aka kore shi daga ofis.

Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba. Inna ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, na ɗauke ta zuwa ƙofar tasha duk da na san haɗarin kai marar takarda wurin. Muna cikin mota ana zabga rana, sai ga wayar Sabi'u.

"Yaya Bala, ku koma gida. An hana mu sauka."

Inna ta fizge wayar. "Sabi'u, ga ni a bakin ƙofa. Ka ce wa mai gidan naka uwarka ce ta zo. Shi ba uwa ce ta haife shi ba?"

"Inna, ba a yi masa magana. Ki yi haƙuri, ki sa mini albarka daga nan."

Na roƙi mai gadin ƙofar ko kwanon tuwon ya shigar. Ya ce da Larabci, "Mamnu'u, ya akhi, an hana. Halas, yalla, ka matsar da mota." Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Daga inda muke ana hango saman jirgin, mai launin toka, da wasu mutane ƙanana suna motsi a kai. Inna ta yi ta nuna su ɗaya ɗaya tana tambayata ko wancan ne.

Kwamandan kuwa ya tafi Umrarsa da hafsoshinsa. Suka dawo da kai a aske, da jarkokin Zamzam, kuma waɗanda aka hana zuwa su aka sa suka hau da jarkokin. Ni na nemi malami ya yi mini bayanin hukuncin wanda aka tsare bayan ya ɗaura harami. Na tafi Makka aka yanka rago a madadin Sabi'u, na buga masa waya, wani abokinsa ya yi masa aski a ɗakin inji. Na yi fushi ranar har na rasa wanda zan zaga.

Daga baya Sabi'u yake ba ni labarin yadda zaman jirgin ya koma. Masu waƙa a wajen wanke daɓen jirgi suka yi shiru. Ana sara wa kwamanda da hannu, ido na ƙasa. Babu mai kai rahoton abin da ya lalace, domin wanda ya kai shi ake fara hukuntawa. Ya ce mini, "Yaya, da jirgin nan namu ne. Yanzu kowa kansa yake karewa." Bayan shekara biyu wani bututu ya fashe ya ƙone shi a ɗakin inji, shi ne ajalinsa. Abokinsa ya rantse mini kowa ya san yana yoyo. An rubuto mana cewa haɗari ne.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Karantina da ya so ya taka an rushe ta, mun koma unguwar Waziriyya. Abokin nasa ya ajiye kaki, yana gadin wani kanti, shi ya gaya mini an ƙara wa kwamandan girma. Samarin sojojin ruwa na yanzu ina ganin kukansu a waya, suna ɓoye fuska, kuma kukan bai canza ba: shugaban da ke ganin tsoro shi ne biyayya. Na san Sabi'u, da cewa zai yi kada in zagi aikin, domin yana son teku kamar me. Zai ce an yi kwamandojin kirki, ya ma yi aiki da wani da ba ya cin abinci sai ya ga yaransa sun ci. Na yarda. Amma ƙaramin soja ba shi ke zaɓen wanda za a ɗora masa ba, kuma da zarar jirgi ya bar gaɓa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni ma da nake tudu ban samu ba.

Na yi masa Umra bayan rasuwarsa, na kuma yi masa Hajji, ina fatan Allah ya kai ladan. Wannan shi ne iyakar abin da hannuna ya kai. Ganin da Inna ba ta yi masa ba, babu wanda zai yi shi a madadin wani.

Inna ta tsufa ƙwarai, ba ta cika ambaton sunansa ba. Amma duk ranar da na dawo aiki na ce na bi ta tasha, sai ta tambaye ni ko akwai jirgin soja a tsaye. In na ce akwai, sai ta ce, "An dai bar yaran sun sauka?" Ban taɓa sani ba. Cewa nake yi an bar su.