Ƙarfen Dogon da Suka Yanka Biyu

Shekarun baya, a unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kaura Namoda, coci ɗaya ne tak. Ma'aikatan reluwe ne suka gina shi, mahaifina na cikinsu, maƙwabta musulmi kuma suka taya su jidar ruwa da azara. Ƙungiyoyi biyu ke sujada a ciki, wasu da safe, mu da hantsi. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ne da mahaifina ya ɗauko a kafaɗa ya rataye a bishiyar darbejiya. In aka buga shi, har kasuwar hatsi ana ji.

Bayan rasuwarsa idanun mahaifiyata suka mutu. Duk Lahadi takan zauna a ƙofar ɗaki da mayafinta, ba ta motsawa sai ƙarfen ya yi ƙara. Takan ce, "Babanku ya yi kira."

Sai rigima ta ɓarke kan wa zai riƙa shiga da safe. Manya da furfurarsu suka kasa sasantawa, ɗaya ɓangaren ya ce zai tashi, a raba kaya. Aka raba bencuna, aka raba fitilu, sannan wani dattijo ya ce saura ƙararrawa. Na miƙe na yi ta masifa har muryata ta dishe, ni da ko a ƙungiyar mawaƙa ba a jin muryata. Aka ce in zauna, yaro ne ni. Lokacin ina da 'ya'ya uku fa!

Suka kai ƙarfen wurin mai walda, ya yanka shi biyu. Ranar Lahadi kowa ya rataye rabonsa ya buga, sai ka ji kwas, kamar an daki tsohuwar tukunya. Mahaifiyata ta zauna har azahar tana jira. Ban iya gaya mata ba, kunya da takaici suka ishe ni.

Wani tsoho musulmi, abokin mahaifina, shi ya tako har coci da sandarsa. Ya ce, "Mi kunka yi ma ƙarfen ga? Da hannuna na kama ma marigayi munka rataye shi. Ku ba ku jin kunya?"

Zancen tashi ya mutu daga nan. Aka mayar wa mai walda ya haɗa, amma muryar ba ta dawo ba, sai wata kwaramniya. Dattawan suka zo gidanmu suka ce za su nemo sabo.

Mahaifiyata ta ce, "A'a. Ku bar shi haka nan, ku riƙa jin abin da kunka yi."

Har yau shi ake bugawa, kuma har yau in na ji raina sai ya ɓaci. Ita kuwa har ta koma ga Ubangiji ba ta ƙara tashi da jin ƙararsa ba. Sai dai in zo in ce mata, "Mama, lokaci ya yi."